Bayan Dashen Ƙoda: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, shekarata biyu da dashen ƙoda, ƙanena ne ya ba ni. Alhamdulillahi na koma kasuwa, ba na jin komai. Kuɗin magani ne ya fi ƙarfina. Ko zan iya rage shi zuwa sau ɗaya a rana? (Daga Gusau)

Amsa: Malam, Allah ya ƙara lafiya, ya saka wa ƙanen naka da alheri. Amma don girman Allah kada ka rage ko ƙwaya ɗaya. Lafiyar nan da kake ji, maganin ne ya riƙe ta. Garkuwar jikinka har gobe kallon baƙuwa take yi wa wannan ƙodar, kuma tacrolimus da mycophenolate da prednisolone ne ke hana ta kai mata hari. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, sau da yawa jiki yakan fara ƙin ƙodar a ɓoye. Ba zazzaɓi, ba ciwo, sai dai awon jini ya nuna creatinine, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya hau. Kafin ƙafa ta kumbura ko fitsari ya ragu, ɓarna ta yi nisa.

Na taɓa duba wani magidanci da yake raba ƙwayar rana ɗaya ta kai shi kwana biyu. Ya zo da ita ƙulle a leda cikin aljihun riga, yana ƙirga mini saura nawa. Bai yi wata shida ba ya koma wankin ƙoda, wanda kuɗinsa ya fi na maganin nesa ba kusa ba. Ka je wurin likitocinka ka faɗa musu gaskiyar halin da kake ciki. Wani lokaci akan sauya wani maganin da mai sauƙin kuɗi, amma da awon jini ake yin haka, ba a shagon kemis ba. Kuma ranar awon tacrolimus, kada ka sha na safe sai an ɗebi jinin.

Tambaya: Wata bakwai ke nan da yi mini dashe. Zan iya yin azumin bana? (Daga Maraɗi)

Amsa: Ɗan'uwa, bana ka haƙura. A shekarar farko ba ma son sabuwar ƙoda ta sha ƙishirwa, balle idan azumi ya faɗo a bazara, kuma tacrolimus tazarar awa 12 yake so. Addini ya yi wa maras lafiya rangwame, ka tambayi malamai hukuncin ramuwa ko ciyarwa. Baɗi, idan awonka ya daidaita, sai ku zauna da likitanka ku tsara shan magani tsakanin sahur da buɗa baki.

Tambaya: Likita, an yi mini dashe shekara uku da suka wuce, yanzu na yi aure. Dangin miji sun fara magana. Zan iya haihuwa? (Daga Zariya)

Amsa: 'Yata, ki kwantar da hankalinki, mata da yawa sun haihu lafiya bayan dashe. Sharaɗin dai a shirya cikin, kada ya zo ba zato. Mycophenolate yana jawo ɓari da nakasa ga jariri, don haka akan sauya shi da azathioprine aƙalla mako 6 kafin ɗaukar ciki. Wasu magungunan hawan jini ma sai an canza su. Ki tafi asibiti tare da maigidanki ya ji da kunnensa, shi ne zai tare miki surutun dangi. Kuma duk wanda ya kawo miki jiƙo ko sassaƙe na neman haihuwa, ki yi godiya ki ajiye.

Tambaya: Mahaifinmu yana kiwon tantabaru, kuma ba ya rabuwa da fura da nono. Ga ciwon baya, yana shan diclofenac. Akwai matsala? (Daga Katsina)

Amsa: Diclofenac da ibuprofen su fita daga gidan yau, suna lahanta ƙoda. Ya sha paracetamol, a kuma duba bayan. Kashin tantabara yana ɗauke da wani naman gwari da kan haddasa sanƙarau ga mai raunin garkuwa, sai yara su karɓi sharar ɗakin tantabarun. Fura kuwa bai rabu da ita ba, a dai tabbata an tafasa madarar kafin a yi nonon, a dama a gida da ruwa mai tsabta, a rage sukari, domin magungunan dashe kan jawo ciwon suga. Idan aka taɓa cewa yana da tarin fuka, ku sanar da likitan ƙoda kafin ya fara magani, saboda rifampicin yana karya ƙarfin tacrolimus.

Tambaya: Na biya kujerar Hajji. Yaya batun allurar rigakafi? (Daga Kano)

Amsa: Hajiya, Allah ya sa a je a sa'a. Allurar sanƙarau ba ta da matsala, ki yi. Amma ta zazzaɓin shawara (yellow fever) da ɗigon shan inna na baki suna ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, ba a ba wa mai dashe. Ki karɓi takardar likitanki tun da wuri ki kai wa jami'an lafiyar alhazai. Maganinki kuma ya zauna a jakar hannu, da rarar mako biyu ko fiye, kada ki sa shi cikin kayan awo.