Amsa ga Injiniya kan sauko da sanda a wasan golf

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Injiniya ƙanina, na ga bidiyon da ka turo guruf tun la'asar, ina kan hanyar Zariya ne shi ya sa ban amsa ba, yanzu na zauna na kalle shi ya fi sau goma. Ka ce da direba, doguwar sandar bugun nesa, kullum ƙwallon sai ta lanƙwashe ta yi dama, silayis kenan, da ayon kuma, wato sandunan ƙarfe masu lamba, sai ka sari ƙasa kafin ka taɓa ƙwallo, kana tambaya ko sanduna za ka canza. Wallahi kar ka ɓarnatar da kuɗinka, sanda ba ta yi maka laifin komai ba. Ɗagawarka ma lafiya lau take, inda abin ke lalacewa shi ne daidai lokacin da ka kai sama za ka juyo ƙasa.

Ka sake kallon bidiyon ka tsayar da shi a nan. Kafaɗarka ta dama ce ke fara tasowa, ta wurgo sandar gaba kamar mai faskare da gatari, to sai kan sandar ya zo ta waje ya yanki ƙwallon ya nufi hagu, fuskarsa kuma a buɗe, dole ta juya ta yi dama. Kuma duk wannan lokacin nauyinka na zaune daram a ƙafar dama, shi ya sa sandar ke isa ƙasa a bayan ƙwallo. Ka ga ciwon ɗaya ne, alamunsa ne biyu. Balle yanzu da hunturu, filinmu na Kaduna ƙasa ta bushe kamar siminti, in ka daki baya sandar tsalle take yi ta aske kan ƙwallon, sai ka ganta tana gudu a ƙasa kamar ɓera.

Ka taɓa tsayawa kallon dambe kuwa? Ɗan dambe ba da hannu yake fara kai bugu ba, ƙafa yake dasawa tukuna, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, hannun nan da aka ɗaure shi ne na ƙarshen isowa, kuma shi ya sa in ya sauka mutum ke zubewa. To golf ma haka take, ƙafar hagu, ƙugu, ƙirji, hannu, sannan kan sanda. Kai ka juya layin ne, ka sa na ƙarshe a gaba. Alhajinmu bahago da ke cikin guruf ɗin nan, kai sai ka juya duk abin da na faɗa.

Atisayen da na fi yarda da shi, wanda ni ma shi ya warkar da ni, shi ne na taku. Ɗauki ayon bakwai, ɗora ƙwallo a kan gajeren ti, ɗan tsinken nan da ake kafawa a ƙasa, ka tsaya yadda ka saba, sai ka janyo ƙafar hagu ta dawo ta haɗe da ta dama. Ɗaga sanda, kafin hannunka ya gama isa sama, ka ji fa, kafin ya gama, ka mayar da ƙafar hagun inda take ka taka ƙasa, sannan ka buga. Da rabin ƙarfi don Allah, ba gasar nisa muke ba. Goman farko za ka yi shirme, wata ma ba za ka taɓa ta ba, kar ka damu da masu kallo, can sai ka ji wani abu kamar jikinka ya tafi gaba ya bar sandar a baya tana biyowa, to wannan jin shi muke nema. In ka gama bugun, ƙafar dama ta tsaya a kan yatsu, bakin bel ɗinka na kallon tutar ramin da kake nufa. Gary Player na Afirka ta Kudu, mutumin da ya ci manyan kofunan golf na duniya 9, sau da yawa in ya buga har takawa yake da ƙafar dama ya wuce gaba kamar zai bi ƙwallon, duk don kar nauyi ya kwana a baya.

Maganar yankan ƙwallo kuma, cire rigar da ake rufe kan sandar direbanka da ita ka ajiye ta gefen ƙwallon ta waje, ɗan baya kaɗan, ka bar tazarar kamar yatsu huɗu. In ka zo ta waje rigar za ka kwasa, ita za ta faɗa maka gaskiya ba sai ni ba. Na saran ƙasa kuwa tawul za ka shimfiɗa kamar taƙi ɗaya a bayan ƙwallo, ka buga ba tare da ka taɓa shi ba, ƙwallo tukuna, ƙasar da za ka kankare ta kasance a gabanta. A gida ma in an kawo wuta ko ba a kawo ba, ka tsaya ka jingina mazaunanka da bango ba sanda, ka rungume hannu a ƙirji ka rinƙa juyawa, ɓangaren dama ya taɓa bango in ka ɗaga, na hagu ya karɓe shi in ka sauko, don na lura kana miƙewa kana matsowa kan ƙwallo.

Sai abin da za ka riƙe a kai, kuma nan ne mutanenmu ke kashe kansu da bidiyon YouTube. Saukowar nan gaba ɗayanta wajen kashi ɗaya cikin huɗu ce ta sakan, ɗagawar ƙwararru ta ninka ta kamar sau uku, to ina lokacin da za ka tuna gwiwar hannu, ka tuna ƙugu, ka tuna kai? Ni akwai ranar da na tsaya a ramin farko da tunani har biyar a kaina, mutane na jira a baya, na zabga, ƙwallon ko taku ashirin ba ta yi ba, kadina, mai ɗaukar mini jakar sanduna, yaro ne ƙarami ya matso a hankali ya ce Alhaji kai dai ka taka kawai. Wallahi tun ranar kalmata kenan, taka. Wani abin da ke masa aiki shi ne ya bar bayansa na kallon tuta na ɗan lokaci, wani kuma gwiwar hannun dama ta sauko aljihun riga, ka gwada a renji, filin atisayen bugu, ka zaɓi ɗaya tak, sauran ka bar su a mota. In gaggawa ce ta dame ka, ka nemi bidiyon Matsuyama ɗan Japan wanda ya ci babbar gasar Masters a 2021, ka ga yadda yake kusan tsayawa a sama kafin ya sauko. Ba na ce ka kwaikwaye shi a fili ba, amma a renji ka ƙirga ɗaya, biyu a sama, uku ka taka.

Ka ba shi sati uku, ƙwallo 30 na taku kafin ka taɓa direba, kuma ka sa a ranka maki zai ɗan lalace kafin ya gyaru. Asabar in Allah ya kai mu ina renji ƙarfe bakwai, ka zo da tawul ɗin, kuma bidiyo na gaba a ɗauke ka daga baya, wayar daidai tsayin ƙugu, wannan na yau wanda ya ɗauka rabinsa sama ya ɗauko mana. Sai da safe.