Ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake: cuta ce ko alheri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara na tumɓuke shukar wake, sai na ga saiwarta cike da 'yan ƙulle-ƙulle. Maƙwabcina ya ce cuta ce. Amma bana dawar da na shuka a wurin ta fi ta sauran gonar kyau. Me ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa? Manomi daga Bichi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Idan wake ya fara fure, ka tono shuka ɗaya a hankali, ka murza ƙulli ɗaya da yatsa. In ya ɓalle daga jikin saiwa cikin sauƙi, ka fasa shi ka ga cikinsa ja-ja, to arziki ne. In kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ƙullin ba ya ɓallewa, wannan aikin wasu tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, kuma a nan maƙwabcinka ya yi gaskiya. Tunda dawarka ta yi kyau, na fi zaton na farkon ka gani.

Ƙasar da ke manne da saiwa ba ɗaya take da sauran ƙasar gona ba. Shuka tana zubar da wani kaso na sukarin da ganyenta ya haɗa ta cikin saiwa, sai ƙananan halittu su yi dandazo a wurin, miliyoyi a ɗan abin da bai cika cokali ba. Wani masani Bajamushe, Lorenz Hiltner, ya yi bayanin wannan yanki tun 1904. Abin da ke gudana a wurin ciniki ne: shuka ta ba da abinci, a ba ta abin da ba ta iya samo wa kanta.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da kake saye a buhun yuriya, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Wake da gyaɗa da waken suya sukan saki wani sinadari da ke kiran bakteriyar da ake ce wa Rhizobium. Ita ma ta mayar da amsa da nata sinadarin, sai saiwa ta buɗe mata hanya ta gina mata ƙulli. A ciki take mayar da naitirojin na iska ya zama taki. Jan nan da ke cikin ƙullin wani sinadari ne dangin wanda ke cikin jininmu, yana daidaita iskar oksijin don kada ta ɓata aikin. Abin da ya rage a ƙasa na saiwa da ganye shi dawarka ta ci. Itacen gawo ma ɗan wannan dangi ne, kuma manoma sun daɗe da sanin yadda gero ke yi a gindinsa.

Akwai kuma wasu dangin funfuna masu amfani da ke shiga saiwar mafi yawan tsirrai, su miƙa zarurruka siri-siri zuwa inda saiwa ba ta kaiwa, su kawo fosfarus da ruwa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne alaƙarsu da wuta-wuta. A 2005 masu bincike a Japan suka gano cewa sinadarin da saiwa ke kiran wannan funfuna da shi, shi ne dai wanda irin wuta-wuta ke jira kafin ya tsiro. Ƙasa in ta rasa fosfarus, dawa takan ƙara sakin sinadarin, sai wuta-wuta ta ji ta taso. Shi ya sa ta fi addabar gonar da ta gaji.

Ba duka ne abokai ba. Akwai masu ruɓar da saiwa, amma masu amfanin kan rage musu ƙarfi ta hanyar cinye abinci da tare wuri, wasu har guba suke fitar musu.

Shawarata, kada ka ɗura wa wake yuriya. Idan ya sami naitirojin a sauƙaƙe sai ya rage yin ƙulli, ka yi asarar kuɗi. Takin fosfarus ya fi buƙata. Ka kuma tuna cewa yawancin naitirojin ɗin yana fita daga gona tare da ƙwayar wake da harawa, don haka takin dabbobin da suka ci harawar ya kamata ya koma gonar. Ka daina ƙona karan da ya rage, domin shi ne abincin waɗannan halittu. In waken suya za ka shuka a gonar da ba ta saba da shi ba, nemi garin bakteriya irin NoduMax na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Abu ne mai rai, ka adana shi a wuri mai sanyi, ka gauraya shi da iri a inuwa, ka shuka a ranar.