Amsa ga mai tambaya kan alƙalan wasa da mintunan ƙarshe a ƙwallon jami'o'in Amurka

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka tambaya ko hukuncin alƙalin wasa yana sauya dabarar koci idan wasa ya zo ƙarshe, ko kuwa surutun magoya baya ne kawai. Tun ina karatu a Amurka nake bin wasan nan, wato ƙwallon Amurka da ake rugawa da ita a hannu (American football), kuma ina tabbatar maka yana sauyawa ƙwarai. Kocin da ya san aikinsa yakan auna farashin kowane laifi tun kafin alƙali ya jefa ƙyalle mai rawaya, alamar an yi laifi: yadi nawa zai biya, daƙiƙa nawa zai ci riba.

Wasan Oregon da Ohio State na ranar 12 ga Oktoba, 2024 ne ya fi nuna mini wannan. Oregon na da 32, Ohio State na da 31, kuma ƙwallo na hannun Ohio State, sun kusa inda za su buga ƙwallo da ƙafa ta ratsa tsakanin sanduna su ci maki 3. Sai alƙali ya kama Jeremiah Smith, ɗan wasan Ohio State, da ture mai tsaronsa, aka mayar da su baya yadi 15. Saura daƙiƙa 10, Dan Lanning, kocin Oregon, ya nemi a tsayar da agogo, da aka dawo sai ga 'yan Oregon 12 a fili maimakon 11. Abokina da muke kallo tare ya miƙe yana ƙirga su da yatsa a jikin talabijin, yana cewa kocin nan ya ruɗe. Ashe da saninsa. An hukunta Oregon da yadi 5, amma daƙiƙa 4 sun tafi, kuma dokar lokacin ba ta mayar da su. Will Howard, mai jefa ƙwallo na Ohio State, ya ruga da ƙwallo, ya zube ƙasa don a tsayar da agogo, lokaci ya riga ya ƙare. Har yau abin yana min ciwo, domin alƙalan ba su yi kuskure ba, dokar ce ke da ƙofa. Cikin 'yan kwanaki NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta toshe ta, ta ba masu kai hari zaɓin a mayar musu da lokacin.

Haka batun riƙe mai karɓar ƙwallo. A NFL, gasar ƙwararrun 'yan wasa, inda aka yi laifin nan ake ajiye ƙwallo, ko da yadi 50 ne. A jami'o'i kuwa hukuncin ba ya wuce yadi 15. Shi ya sa idan an tsere wa mai tsaro a ƙarshen wasa za ka ga ya cafke rigar abokin karawarsa da gangan. Gara yadi 15 da maki 6, waɗanda ake samu idan an kai ƙwallo ƙarshen fili. Sai dai wasa ba ya ƙarewa a kan laifin masu tsaro idan an karɓi hukuncin, dole a ƙara zagaye ɗaya ko agogo ya nuna sifili.

Sannan ka lura da yadda koci ke rowar damarsa ta ƙarshe ta tsayar da agogo, cikin ukun da yake da su a kowane rabi. Asalin abin daga wasan North Carolina da Tennessee ne a Nashville, Disamba 2010. North Carolina ta yi laifi saura daƙiƙa 1, laifin ya ba ta sarari ta buga ta rama, ta kuma ci 30 da 27 a ƙarin lokaci. A 2011 aka kawo dokar zaftare daƙiƙa 10 daga agogo idan laifi ne ya tsayar da shi a ƙarshe. Wanda ya ajiye damarsa zai iya ba da ita ya fanshi daƙiƙun nan. Wanda ya kashe nasa tun da wuri kuwa, idan abin da ya rage bai wuce daƙiƙa 10 ba, ɗan wasansa ɗaya ya motsa kafin a fara, alƙali ya ɗaga hannu ya ce an tashi.