Wai duk nasarar gida sayen alƙalin wasa ce?

Malam, ka tambaya ko a gasar ƙwallon ƙafa ta Firimiyar Najeriya mai masaukin baƙi kan ci wasa ne don ya sayi alƙali. Ana samun son kai, ban musa ba, kuma wani alƙalin tsoron 'yan kallo yake ji. Amma ka duba tafiyar: ƙungiya ta taso daga Kano zuwa Aba a bas, ta sauka a gajiye, ga filin da ba ta saba da shi ba. Yawancin ƙungiyoyin kuma na gwamnatocin jihohi ne, albashi kan makara, ɗan wasa ya shiga fili hankalinsa na gida. Masu cewa babu gwanaye a gasar fa? Ƙungiyar Enyimba ta Aba ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, Ahmed Musa ma daga Kano Pillars ya tafi Turai.