Gona a bakin iyakar Benin: ina manomi zai kai kukansa?

Wani manomin shinkafa daga ƙaramar hukumar Bagudo ya aiko da tambaya. Fadamar da ya gada tana dab da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, kuma bana mutanen tsallake sun zo da jami'ai sun ce wurin nasu ne, ko ya biya haraji ko ya tashi. Samarin ƙauye na cewa a fita da gora da adda. Shi kuwa kotu yake son zuwa, amma wacce?

Alhaji, Allah ya ƙara haƙuri. Maganarka ta kasu biyu: ƙasar wa ce wurin, sannan gonar wa ce. Ta farkon ba ka da ikon kai ta kotu da kanka. Kotun Duniya da ke Holan ƙasashe kaɗai take saurare, babbar kotu a Birnin Kebbi kuma ba ta da hurumin matsar da iyakar ƙasa ko ba jami'an Benin umarni. Wannan aikin gwamnatin tarayya ne, kuma sashe na 19 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata bin hanyar tattaunawa da sulhu da shari'a wajen warware rikici da wata ƙasa.

Gara in faɗa maka mai ɗacin tun yanzu. Daɗewar zama a wuri ba ta rinjayar takardar yarjejeniya. Iyakar nan ta samo asali daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1906, kuma a 1964 shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira cewa za a mutunta iyakokin da aka gada ranar samun 'yanci. Da irin wannan ma'auni Najeriya ta rasa Bakassi ga Kamaru a hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoba 2002, duk da ɗimbin 'yan Najeriya da ke zaune a can. Haka ma garin Darak na yankin Tafkin Chadi ya koma Kamaru. Abin da ya ba mazauna Bakassi kariya a rubuce shi ne yarjejeniyar Greentree ta 2006, wadda Obasanjo da Paul Biya suka sa wa hannu a gaban Kofi Annan, kafin a kammala miƙa yankin a Agustan 2008.

Amma shari'ar da ta fi kusa da kai ita ce ta tsibirin Lete, a kogin Kwara, can yankin Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin. Nijar da Benin sun yi shekaru kusan arba'in suna jayayya a kansa, har ta kai ga zubar da jini, kafin su yarda su tafi Kotun Duniya tare. A ranar 12 ga Yuli 2005 aka raba tsibirai 25: Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Da takardun mulkin mallaka suka kasa fayyace iyakar, sai alƙalai suka duba wace hukuma ce a zahiri take tafiyar da wurin, suka ga daga Gaya ake mulkin Lete. Kuma kotun ta ce rabon tsibiran bai taɓa haƙƙin mallakar da mutane suke da shi a kansu ba. Riƙe wannan da kyau. Ko da awo ya nuna fadamarka ta faɗa Benin, hakan shi kaɗai bai ƙwace maka gona ba, sai dai dokar filaye ta can ce za ta hau kanta.

To me za ka yi? Ka rubuta koke, kada ka tsaya ga faɗa da baki. Ya bi ta hannun dagaci da hakimi zuwa shugaban ƙaramar hukuma, daga nan ga kwamitin iyakoki na jiha wanda mataimakin gwamna ke shugabanta, a aika kwafi ga Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa a Abuja. Ku sa hannu ku da yawa, ku karɓi kwafi mai hatimi. Ina nanata rubutu ne domin a dokar ƙasa da ƙasa, ƙasar da ta ga maƙwabciya na karɓar haraji a wuri ta yi shiru, ana iya fassara shirun nata da amincewa. Kokenku ne zai sa Abuja ta aika takardar ƙin yarda, wadda za ta yi amfani ko bayan shekara ashirin.

A cikin koken ku nemi abu biyu ƙarara: masu awo na ƙasashen biyu su zo tare su gano turakun iyaka, kuma kafin nan a bar kowa ya girbe abin da ya shuka.

Ka tattara tsofaffin rasit na haraji da jangali, da takardar mallaka ta gargajiya wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, da hotunan turakun in suna nan. A ɗauki muryar dattawan da suka san tarihin wurin tun suna raye. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar Faransanci da ba a karanta maka ba. In an tilasta ka biyan kuɗi, karɓi rasit ka kai rahoto ranar.

Samarin nan kuwa, don Allah ka ja musu kunne. Wanda ya tumɓuke turke ko ya sari jami'in tsaron Benin, a kotun can za a gurfanar da shi, kuma ya raunana hujjarku baki ɗaya. In an kama wani, a sanar da ofishin jakadancin Najeriya a Kwatano nan take. In an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba ko an lalata masa amfanin gona, tun 2005 mutum ɗaya na iya kai ƙarar take haƙƙi gaban kotun ECOWAS a Abuja, kuma Benin mamba ce a ƙungiyar. Wannan ƙarar kam za ka iya shigar da ita da sunanka ta hannun lauya.