Ka raka ta Stavern, ɗana

Ɗana Habibu, assalamu alaikum. Saƙonka ya iso ni ranar Laraba bayan la'asar. Mahaifiyarka tana nan lafiya, ita da sauran 'yan gida duk suna gaishe ka.

Ka ce tsohuwar da kake haya a gidanta ta roƙe ka ka raka ta garin Stavern na ƙasar Norwe ranar 8 ga Mayu, wurin da aka rubuta sunayen ma'aikatan jiragen ruwan Norwe da suka mutu a yaƙi. Za ta kai furanni, a tsaya shiru na ɗan lokaci, a dawo. Ka ce mahaifinta ya yi aiki a jirgin dakon mai Vanja kuma ya dawo da ransa, amma ƙaninsa da ke wani jirgin bai dawo ba, sunansa yana can. Kana tambaya wace irin al'ada ce wannan, tunda mu ko a kabari ba mu cika rubuta suna ba, kuma me ya sa ake girmama 'yan dakon mai kamar sojoji, sannan ko ya dace ɗan Musulmi ya je.

Ka je. Amma ka je da sanin abin da za ka tarar, shi ya sa zan tsawaita.

Ka san na yi shekaru a teku kafin a haife ka, kuma a jirgin dakon mai na fi daɗewa, muna ɗaukar ɗanyen mai a Bonny. Manyanmu a wannan jirgi 'yan Norwe ne. A cikinsu akwai wani dattijo mai kula da mu a aikin saman jirgi, mutum mai haƙuri wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abin da na lura da shi, ba ya rufe ƙofar ɗakinsa, sai ya maƙale ta a buɗe, kuma da kayansa da takalmansa yake kwana. Idan wani ya yar da ƙarfe a ƙasa da dare, kafin ka ce kwabo yana tsaye a waje yana duban ruwa. Shekara talatin da ƙare yaƙi ke nan. Na daɗe ban tambaye shi ba, don ba a yi wa babba irin wannan tambaya kai tsaye. Shi da kansa ya faɗa mini wani dare muna gadi tare. Ya ce idan aka harbi jirgi ƙarfe yakan lanƙwashe, ƙofar da ke rufe ba ta sake buɗuwa. Iyakar abin da ya ce ke nan a daren. Sauran a hankali na tsinta, daga bakinsa da bakin wasu, da abin da na karanta bayan na bar aiki.

Jamus ta afka wa Norwe ranar 9 ga Afrilu, 1940, a yaƙin da iyayenmu ke kira yaƙin Hitila. Ƙasar ba ta da yawan jama'a, amma a yawan jiragen ruwa na kasuwanci ita ce ta huɗu a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin dakon mai ta teku a hannunta yake, da sababbin jirage masu kyau. Da ƙasar ta faɗi, yawancin jiragen suna waje, warwatse a tashoshin duniya. Daga Oslo, inda wani ɗan ƙasar mai suna Quisling ya haɗa kai da Jamusawa, aka yi shela ta rediyo cewa jiragen su nufi tashoshin da ba na Ingila ba. Kyaftin-kyaftin ɗin ba su bi ba. Suka bi Sarkinsu Haakon da gwamnatinsa, aka tattara jirage kimanin 1,000 ƙarƙashin hukuma ɗaya a Landan mai suna Nortraship, da ma'aikata fiye da 30,000.

Ka tsaya a nan ka yi tunani. Waɗannan mutane ba su shiga soja ba. Yaro ya bar gida da niyyar tafiyar wata shida ko shekara ya tara kuɗin aure, sai ya wayi gari ba shi da ƙasar komawa. Shekara biyar ba gida. Labarin iyali sai ta hannun Red Cross, saƙon da bai wuce kalma 25 ba, shi ma yakan yi watanni a hanya. Babu kaki, babu hutun barikin soja. An sauke kaya a wannan tasha, an juya an sake ɗauko wani.

A duk jiragen kuma babu wanda Jamusawa suke farauta kamar na mai, domin jirgin sama da tankar yaƙi da motar soja duk da mai suke motsi. Ni na yi aikin a lokacin zaman lafiya, kuma ko a lokacin, ashana ɗaya a saman jirgi ta isa a sallami mutum daga aiki. To ka ƙaddara kana kwance a kan dubban tan na fetur, babu fitila ko ɗaya a kunne, a ƙarƙashinka kuma akwai jirgin yaƙi mai nutso yana lalubenka. Idan jirgin dakon alkama ya nutse, mutane su faɗa ruwa su jira ceto. Na mai kuwa, ruwan da za ka faɗa shi ma yana ci da wuta.

Yanzu ga Vanja. A ƙarshen 1942 sojojin Amurka da Ingila sun sauka a Maroko da Aljeriya, suna matuƙar buƙatar mai. Aka haɗa ayarin jiragen mai tara a tsibirin Tirinidad, aka sa masa lamba TM 1, ya tashi ranar 28 ga Disamba ya nufi Jibralta, a mashigar Bahar Rum. Ayari nake cewa domin haka abin yake, tamkar na fatake: a jeru, a tafi tare, mai sauri ya jira mai nauyi. Gudunsu bai fi na mai keke ba. Masu rakiya jiragen yaƙin Ingila huɗu ne kacal, babba ɗaya da ƙanana uku, ga teku ba iyaka.

Ranar 3 ga Janairu, 1943 aka harbi na farko, wani jirgin Ingila mai suna British Vigilance. Wannan ya tona asirin inda ayarin yake, jiragen nutso na Jamus suka yi masa taron dangi. Daga 8 ga wata zuwa 11 abin ya zama kullum dare sai an ga wuta. A cikin waɗanda suka tafi akwai Albert L. Ellsworth da Minister Wedel, duka na Norwe. Ranar 14 ga Janairu jirage biyu ne suka shiga Jibralta a cikin tara: Cliona da Vanja. Bakwai suna ƙasan teku da man da suka ɗauko.

Mahaifin tsohuwar nan yana cikin waɗanda suka isa. Za ka ce ya yi sa'a, kuma ya yi. Amma akwai abin da sai wanda ya yi aikin ruwa yake gane nauyinsa. Babbar al'adar teku, wadda ta girmi kowace doka da aka rubuta, ita ce ba a wuce mutum a cikin ruwa. Ko maƙiyinka ne, ko za ka yi asarar kwana biyu, sai ka juya ka ɗauke shi. Ranar farko da na hau jirgi aka koya mini haka. A ayarin yaƙi kuwa an hana jiragen kaya tsayawa, domin jirgin da ya tsaya shi ne na gaba da za a harba. Ceto aikin masu rakiya ne, idan sun samu sarari. Saboda haka mutum yana tsaye a bakin jirginsa, yana ganin maƙwabcinsa yana ci da wuta, yana jin kururuwa da harshen garinsu, injin kuma yana ci gaba da tafiya. Dattijon da na ba ka labarinsa ya ce mini ba wutar ce take hana shi barci ba, muryoyin ne.

Kafin yaƙi ya ƙare, jiragen Nortraship kusan 500 sun nutse, mutane kimanin 3,700 sun mutu. Fiye da mutum ɗaya ke nan a cikin kowane goma.

To ga amsar tambayarka ta farko. Mu idan mutum ya rasu, a ranar ake yi masa wanka, a yi masa sutura, a sallace shi, a kai shi makwancinsa da hannunmu. Mun ga inda aka sa shi. A zauna zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ga masu yi, a haifi yaro a mayar masa da sunan, har a riƙa ce masa Abba ko Baffa don kunyar kama sunan. Ba ma buƙatar allo a kan kabari, domin sunan yana yawo a tsakar gida. Su waɗannan babu gawa, babu kabari, babu ranar da aka taru. Wata uwar sai bayan shekara biyu ko uku take jin ɗanta ya daɗe da rasuwa, a wani wuri a tsakiyar teku da ba wanda zai iya nuna mata. Ginin Stavern, wanda suke kira Minnehallen, na dutse ne, mai siffar dalar gyaɗa irin ta Kano a da, yana kallon teku. Sarki Haakon ne ya buɗe shi a 1926 don ma'aikatan jirgin da suka mutu a yaƙin duniya na farko, daga baya aka ƙara na yaƙi na biyu. Sunayen suna kan allunan jan ƙarfe a ciki. Idan tsohuwar ta tsaya gaban sunan baffanta, wurin ne kaɗai a duniya da za ta iya cewa ga shi nan.

Tambayarka ta biyu kuwa, amsarta tana da ɗaci. Girmamawar da kake gani ba da wuri ta zo ba. Ranar 8 ga Mayu, 1945 Norwe ta samu 'yanci, aka yi ta murna da waɗanda suka yi gwagwarmaya a cikin gida. Ma'aikatan jirgi kuwa sun dawo ɗai-ɗai, wasu bayan watanni, wasu bayan shekaru, biki ya riga ya watse. Wasu mutane ma gani suke sun huta a waje yayin da na gida ke shan wuyar mamaya. Da yawa sun kasa barci, sun kasa riƙe aiki, wasu suka faɗa shaye-shaye, aka riƙa yi musu kallon lalatattu alhali ciwo ne yaƙi ya bar musu.

Ga kuma maganar kuɗi. A lokacin yaƙi an rage musu alawus ɗin haɗari don ya yi kusa da na ma'aikatan Ingila, aka riƙa tara wani kaso a asusu, su kuma suka ɗauka ajiya ce ake yi musu. Kuɗin ya haura kurona miliyan 40, a kuɗin ƙasarsu. Da suka nema a raba musu, aka ƙi. Suka kai ƙara, kotun ƙoli ta kayar da su a 1954. Sai a 1972 majalisar ƙasar ta amince a ba kowa kurona 180 a kan kowane wata da ya yi a teku lokacin yaƙi, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya. A 2013 ministar tsaro, Anne-Grete Strøm-Erichsen, ta tsaya a garin Risør ta nemi gafararsu da sunan gwamnati. Shekara 68 bayan yaƙi. A ganina haƙƙin mutanen nan an ci shi, kuma furannin da ake ajiyewa yanzu biyan bashi ne da aka makara. Amma gara ƙasar da ta fito fili ta ce ta yi kuskure, ina girmama su a kan haka.

Kada kuma ka ɗauka labarin bai taɓa mu ba. A lokacin ko ɗigon mai ba a haƙa a Najeriya, sai 1956 aka same shi a Oloibiri. Jiragen saman yaƙi da ake haɗawa a Takoradi, a Gana ta yanzu, suna bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Khartum zuwa Masar, kuma duk man da suka sha a filin jirgin Kano ta teku ya fara zuwa, a cikin irin waɗannan jirage. Kakanka, Allah ya jiƙansa, ta jirgin ruwa aka kai shi Indiya kan hanyar Bama tare da dubban 'yan Arewa. Kai ba ka riske shi ba. Ni na san shi yana farkawa cikin dare a firgice, Inna tana tofa masa addu'a, da safe kuma ba mai tayar da maganar. Lambobinsa suna cikin wata tsohuwar adaka har ya rasu. Na tabbata idan ka tambayi tsohuwar yadda mahaifinta yake a gida, abin da za ta faɗa maka ba zai yi nisa da wannan ba.

Batun addini, ga yadda ni nake yi. Na halarci irin wannan tsayuwa a jirgi, ba sau ɗaya ba. Ba sujada ake yi ba, ba a ce ka bauta wa kowa ba. Idan aka rera waƙar coci ko limaminsu ya yi addu'arsu, ka tsaya da ladabi bakinka a rufe, ba wanda zai tilasta maka. Abin da ya kai ka haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma addininmu bai ce sai maƙwabci Musulmi ba. Matar da ta ba ka ɗaki a gidanta, ta kawo maka bargo a sanyin farko kamar yadda ka faɗa wa mahaifiyarka, yau ta nemi ka riƙe mata hannu zuwa wurin mamacinta. A garinmu wanda ya ƙi irin wannan ba a sake ganinsa da mutunci.

Ka sa tufafi masu kamala, ba masu ɗaukar ido ba. Su a wurin makoki ba sa yawan magana kamar mu, don haka kada ka yi ta jera gaisuwa, kada kuma ka ɗauka shirun nata fushi ne. Ka kashe ƙarar waya, kada ka ɗauki hoto sai ka nemi izininta. Ka duba lokacin azahar tun kafin ku tashi, ka faɗa mata a gida don kada ya zame muku abin mamaki a hanya. Idan ta nuna maka sunan, ka karanta shi a hankali, ka tambaye ta shekarunsa nawa da sunan jirginsa. Idan ta fara ba da labari ka bar ta ta kai ƙarshe, ko da kun makara.

A hanyar dawowa ka ba ta labarin kakanka da Bama. Ka kuma gaya mata kana da kawu da ya yi aiki ƙarƙashin mutanen ƙasarta a jirgin mai, ya ce a gaishe ta, a yi mata ta'aziyyar baffanta da ta mahaifinta.

Ka rubuto mini sunan jirgin da baffan nata ya tafi a ciki.

Kawunka.