Amsa ga mai tambaya kan lakabin CC a taskokin rubutun Ingilishi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina aikin digiri na biyu kan mahaɗai irin su "and", "but" da "or", kin kirga duk kalmar da aka yi wa lakabin CC (alamar da ke nuna kalma mahaɗi ce) a taska biyu, wato tarin matanin da aka yi wa kowace kalmarsu lakabin ajinta, lissafin ya ƙi daidaita, kina tambaya ko manhajar ce ta lalace. Manhajarki lafiya lau take. Ni ma na faɗa wannan ramin, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Lakabin yana gaya miki ajin kalmar ne kawai, ba ya gaya miki abin da ta haɗa. Kuma ko ajin ma, kowace taska da nata tsarin. Taskar Brown, wadda Francis da Kučera suka tara daga rubutun da aka buga a Amurka a 1961, matani 500 ce mai kalma kusan miliyan ɗaya, kuma "and" ce ta uku wajen yawan fitowa bayan "the" da "of". Ita da Penn Treebank, wata taskar Ingilishi da aka zana wa jumlolinta bishiyar li'irabi, duk CC suke rubutawa. British National Corpus kuwa, mai kalma miliyan 100, an yi mata lakabi ne da manhajar CLAWS ta Jami'ar Lancaster, inda mahaɗin ke fitowa a matsayin CJC. A tsarin CLAWS mafi faɗi, wato C7, an ware wa "but" nata lakabin daban, CCB. Kin ga idan kika nemi CC zalla a can, duk wata "but" ta zille miki ba ki sani ba. Universal Dependencies, wani tsarin lakabi na bai ɗaya ga taskokin harsuna da yawa, ta fara da CONJ, da aka fitar da tsari na biyu sai aka mayar da shi CCONJ. Idan fayilolinki na farko ne, ki lura da wannan.

Yadda abin ya same ni: na ɗauko ɓangaren Wall Street Journal na Penn, rubutun jarida na 1989, na kirga CC, na zana jadawali mai kyau, na kai wa malamin da ke duba aikina. Bai ko kalli jadawalin ba. Cewa ya yi in buɗe layukan in karanta masa guda ashirin. Ban kai goma ba na ci karo da "Johnson & Johnson". Ashe alamar & ma CC ce a wurinsu, kuma jaridar kasuwanci cike take da sunayen kamfanoni. Na tarar da "plus", domin jagorar lakabi da Beatrice Santorini ta rubuta ta sa "plus", "minus", "less", "times" da "over" a cikin CC idan lissafi ake yi da su. Sai kuma tarin jumlolin da suka fara da "But", wadda ba ta haɗa komai a cikin jumlar ba, da jumlar baya take magana. Ranar na koma gida jiki a sanyaye, aikin mako uku ya tashi a banza.

Akwai kuma waɗanda ya kamata su shigo amma ba sa shigowa. "As well as" haɗi take yi, amma a Penn ba ɗaya daga kalmominta uku da ke ɗauke da CC. Sai kin hau bishiyar li'irabi za ki ga an tattara su ƙarƙashin CONJP, wato yankin mahaɗi. "Both", "either" da "neither" kuwa fuska biyu gare su: CC ne idan suna buɗe tagwayen mahaɗi kamar "either … or", amma DT ne, wato ajin su "the" da "this", idan suna gaban suna su kaɗai. "But" takan zama IN, wato ajin su "of" da "with", idan ma'anarta "ban da" ce, "yet" ta "not yet" bayanau ce. Jerin nan na mahaɗai bakwai da aka sa mu haddace a sakandare (for, and, nor, but, or, yet, so), ki ajiye shi gefe, don "so" da ke cikinsa galibi ba CC take samu ba.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne tsarin haɗin kansa. Ɗauki "old men and women". Tsofaffin maza ne da mata kowane iri, ko duka biyun tsofaffi ne? Mu ma muna da wannan harshen damon, ki faɗi "tsofaffin maza da mata" ki ji. Penn ta asali ba ta yanke hukunci ba, ta bar cikin yankin suna a shimfiɗe, kalmomi huɗu a jere ƙarƙashin NP (lakabin yankin suna) ɗaya. Sai a 2007 Vadas da Curran suka bi suka ƙara tsarin ciki. To idan tambayar bincikenki ta shafi iyakar abin da sifa ta mamaye, sigar da ke hannunki ita ce komai. Idan abubuwan da aka haɗa ba ajinsu ɗaya ba, misali sifa da yankin suna, Penn tana kiran kullin UCP. Ni a ganina wannan lakabin ya fi CC daɗin bincike nesa ba kusa ba, don nan ne ake ganin yadda masu harshe ke karya ƙa'idar da littafin nahawu ya shimfiɗa cewa sai iri ɗaya ake haɗawa.

A taskokin da ake zana kibiya daga kalma zuwa kalma kuwa, matsalar ta fi tsanani, domin tsarin yana buƙatar kowace kalma ta sami uwar gijiya, alhali abubuwan da aka haɗa tsara ne, ba wanda ya girmi wani. Masana nahawu na birnin Prague sun ɗora mahaɗin a kai, abubuwan suna rataye a jikinsa. Masu bin masanin harshe Mel'čuk sun yi sarƙa, na farko ya riƙe mahaɗi, mahaɗi ya riƙe na biyu. Universal Dependencies ta naɗa na farko shugaba, sauran suna rataye da shi ta kibiyar conj, shi kuma mahaɗin yana da tasa kibiyar, cc. A tsari na farko cc tana manne da abu na farko. Daga tsari na biyu, wanda taskokinsa suka fara fita a 2017, aka mayar da ita jikin abin da ke biye da ita. Na taɓa haɗa fayiloli daga zamanin biyu ban lura ba, sakamakon da ya fito sai ka ce Turawa sun sauya nahawu cikin dare.

Wannan ya kawo ni ga shawarar da ta fi muhimmanci. Idan haɗi kike kirgawa, conj za ki bi, ba cc ba. A "rice, beans and yam" mahaɗi ɗaya ne, amma conj biyu ne, abubuwa uku. Jerin da waƙafi kaɗai ya raba ba shi da CC ko ɗaya, amma haɗi ne cikakke. Ki kuma sa ido kan jumlar da aka shafe aikatau na biyu, kamar "Musa bought rice and Ladi beans". Penn tana nuna wannan da lambobi masu alamar =, Universal Dependencies kuma da kibiyar orphan. Ba su da yawa, amma su ne suka fi rikita na'ura.

Kin ambaci cewa kina son kwatanta da Hausa daga baya. Ki yi hattara da "da". "And" guda ɗaya tana haɗa suna da suna, tana haɗa ganga da ganga. Tamu "da" sunaye take haɗawa, ba ma cewa "ya zo da ya zauna" da nufin haɗi, sai dai "ya zo ya zauna" ko mu sa "kuma". Ga shi "Audu ya zo da Bala" ba haɗi ba ne sam, tafiya tare ce. Sannan muna cewa "da Audu da Bala", mahaɗi biyu a haɗi ɗaya. Duk lissafin da ya jera "and" da "da" kafaɗa da kafaɗa zai nuna bambancin da ba na gaskiya ba ne, don yawancin haɗin gangunanmu ba su da kalma ko ɗaya a tsakani.

Abin da nake yi yanzu kafin kowane kirge: in karanta shafin mahaɗai a jagorar taskar, in rubuta sigar da na sauke da shekararta, sannan in zaro layi 200 ba zaɓe in duba su da ido, ina ware sunayen kamfani, na farkon jumla, da na lissafi. Yini ɗaya yake ci. Ki kuma bincika ko mutane ne suka gyara lakabin ko na'ura ce kaɗai ta yi, domin Penn an bi ta da hannu, amma mafi yawan British National Corpus aikin na'ura ne. Ki turo sunan taskokin biyu da irin umarnin binciken da kika rubuta, in duba miki bayan la'asar in Allah ya so.